Lodi da sauke manyan injuna a tirela

Lodi da sauke manyan injuna aiki ne na ɗora injunan gine-gine da na noma, kamar katafila da gireda da rola da motar haƙa ƙasa da tarakta, a kan tirela domin kai su wurin aiki, da kuma sauko da su idan an isa. Yawancin waɗannan injuna ba a yi su don doguwar tafiya a kan kwalta ba, wasunsu ma da sarƙar ƙarfe suke tafiya, wadda ke farfasa titi. Lokaci mafi haɗari a aikin shi ne 'yan mintunan da injin yake kan gadar hawa, domin a nan ne nauyinsa ke sauya wuri, kuma ƙaramin kuskure na iya kifar da shi.

Irin tirelar da ake amfani da ita

An fi ɗaukar manyan injuna a tirela mai gajeren bene, wadda direbobi a Najeriya ke kira lobed. Kusancin benenta da ƙasa yana rage tsayin kaya, ya sa motar ba ta saurin karkata a kwana. Wasu suna da gadar ƙarfe biyu a baya, wasu kuma ana cire wuyansu daga kan motar, injin ya hau ta gaba. Ana yawan shimfiɗa katako a benen, saboda ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, musamman idan akwai ruwa ko laka ko baƙin mai.

Shiri kafin lodi

Kafin komai sai an san nauyin injin da tsayinsa da faɗinsa, an kuma tabbatar tirelar za ta iya ɗaukarsa. Ana tsayar da motar a ƙasa mai tauri wadda ba ta da gangara, a ja burki, a sa wa tayoyi waigi. Ƙasa mai laushi, kamar gefen titi da damina, kan lotsa a gefe guda ta karkatar da benen. Ana kankare laka daga gadar hawa da sarƙar injin, a kuma duba sama ko akwai wayar lantarki. Mutum ɗaya tak ke ba direban injin alama da hannu, yana tsaye inda direban ke ganinsa, nesa da gefen gadar. Sauran mutane kuwa ana nisanta su daga wurin.

Hawa da sauka

Kamfanoni da dama masu ƙera injuna suna ba da shawarar kada gangaren gadar ya wuce digiri 15. Direban yakan ɗaura bel, ya saita injin daidai da gadar tun yana ƙasa, sannan ya hau a hankali a ƙaramar giya. Ba a juya akala a tsakiyar gada. Idan injin ya kauce, sai a sauko gaba ɗaya a sake saitawa. Inji mai sarƙa yakan yi rinjaye farat ɗaya daidai inda gada ta haɗu da bene, don haka a nan aka fi rage gudu.

Da ya hau, ana tsayar da shi a tsakiyar bene yadda nauyin zai rabu tsakanin tayoyin kan mota da na tirelar. Sai a sauke bokiti ko allon turin ƙasa a kan bene, a kulle juyawar jikin injin, a kashe shi, a zare makulli. Wajen saukewa ma haka ake bi, sai dai kafin a kwance sarƙa ana dubawa ko injin ya gusa a hanya, domin sarƙar da ta yi tauri fiye da kima na iya fizgewa ta bugi mai kwancewa.

Ɗaure kaya

Nauyin inji kaɗai ba ya hana shi zamewa idan an taka burki da ƙarfi. Dokokin Amurka da ƙa'idar Turai ta EN 12195-1 sun tanadi cewa ɗaurin ya iya jure turi zuwa gaba daidai da kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan, da kashi 50 zuwa baya da kuma gefe. A Amurka, injin da ya kai kilo 4,536 dole a ɗaure shi a wuri huɗu aƙalla, kuma jimillar ƙarfin sarƙoƙin kada ta gaza rabin nauyinsa. Ana maƙala sarƙa ne a wuraren da kamfanin ya tanada a jikin injin, ba a kan bututun mai ko sandar haidirolik ba. Sarƙar da ta tsage ko ta miƙe ko ta ci tsatsa ba a amfani da ita.

A kan hanya

Sarƙa takan saki idan mota ta fara jijjiga. Shi ya sa dokar Amurka ta ce direba ya duba ɗaurin cikin kilomita 80 na farko, sannan bayan kowace awa 3 ko kilomita 240. Kayan da suka wuce faɗi ko tsayin da doka ta yarda suna buƙatar izini na musamman a ƙasashe da yawa, wani lokaci har da motar rakiya. Ana kuma nazarin hanya tun kafin a tashi, saboda gadojin sama da ƙananan wayoyin lantarki. A Najeriya, inda ake ɗauko irin waɗannan injuna daga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas zuwa sassan ƙasar, Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana cikin masu sa ido a kan manyan motoci da yadda suke ɗaukar kaya.