TARIHIN ƊAN ƘARFEN NAN MAI GEFE SHIDA

Duk wanda ya taɓa zama wurin masu gyaran moto a Ɗan Kassari ko Dogon Dutsi ya san ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa. Mu nan "kile alan" muke cewa, ƴan Najeriya su ce "alanki". To daga ina sunan ya fito?

A farkon ƙarni na 20, kusoshin injinan masana'antu a Amurka kawunansu a waje suke. Inji na juyawa sai kan kusa ya kama rigar ma'aikaci ya fizge shi, wani ya rasa hannu, wani ya rasa rai. A 1910 wani mutum mai suna William Allen, na garin Hartford, ya samu takardar mallakar fasahar ƙera kusa mai rami a ka, wadda ke nutsewa cikin ƙarfe. Sunansa ne ya bi makullin har yau. A Jamus kuwa "Inbus" suke ce masa, a Italiya "Brugola", sunan wani mai masana'anta a can.

Amma tarihin ya bar mana tarko guda: awo biyu ne a duniya, milimita da inci. Makulli mai 3/16 na inci bai cika milimita 5 ba, 4.76 ne. A ido duk ɗaya, ya shiga ramin kamar nasa, kana murɗawa ya cinye gefen kusar. Shi ke nan, sai wurin mai walda.

Abin ya fi muni ga ƙananan kusoshi, irin na motocin wasa masu rimot na tsere, waɗanda ke ɗaukar milimita 1.5, 2 da 2.5. Masu wannan harka kan nemi makulli mai mariƙi, mai tauraren baki, don na banza bakinsa kan mulmule tun ba a je ko'ina ba.

Don haka in za ka saya, duba lambar awon a jikinsa, ka shafa bakin ka ji gefunan da kaifinsu. Mai kan ƙwallo na shiga lungu ne, kada ka kwance kusa mai tauri da shi. Kuma ka share ƙasar da ta cika ramin tukuna, kun dai san ƙurar Arewa.

Araha ba ta ado, jama'a. Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka.