Daga Ƙwarya Zuwa Tangaran: Tarihin Jeren Ɗaki da Kalmominsa a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, gida na miji ne amma ɗaki na mata ne. Duk abin da ke cikin ɗakin, tun daga gado har zuwa ƙaramin ƙoƙon da ke bayan ƙofa, mallakar matar ce, da shi ta zo, da shi kuma za ta fita idan zama ya ƙare. Ƙawata wannan ɗaki da kayan da iyayen amarya suka tanada shi ake kira jere. Kalmar ta samo asali daga aikatau jera, wato a ɗora ko a ajiye abubuwa bi da bi cikin tsari. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun jere tun daga zamanin da kusan kowane abu da ke cikinsa aikin hannu ne, zuwa zamanin da masana'antu suka karɓe aikin, tare da duba abin da wannan sauyi ya yi wa kalmomin sana'ar.

2.0 Jeren Farko: Duma, Kaba da Itace

Kafin shigowar kayan Turai da yawa, ginshiƙin jere shi ne duma. Idan ya nuna ya bushe a gona, sai a fafe shi, a kwashe 'ya'yan, a kankare cikin, a jiƙa shi har ɗacin ya fita. Siffar duman ita ke ba shi suna da aiki. Akwai masaki, wato babbar ƙwarya, akwai ƙwarya madaidaiciya, da ƙoƙo, da ludayi, da gora, da zunguru wanda mata ke zura hannu a ciki lokacin ƙunshi, da shantu na kiɗan mata. Bayan fafewa sai ado. Wani mai zane da wuƙa yake yi, ya kankare bayan ƙwaryar ya bar zanen ya fito, wani kuma da ƙarfe mai zafi yake ƙona layuka baƙaƙe a jikinta. Wannan fasaha ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Littafin da Marla Berns da Barbara Hudson suka fitar a 1986 kan adon duma a arewa maso gabashin Nijeriya ya nuna irin nisan da Fulani da maƙwabtansu na wannan yanki suka yi a cikinta.

Ƙwarya ba ta tafiya sai da faifai. Mata ne ke saƙa shi da ciyawa ko kaba, su rina zaren da launuka, ja daga karan dafi, shuɗi daga baba, ruwan ɗorawa daga saiwar rawaya, su fitar da zane mai kewayawa daga cibiya zuwa baki. Faifai murfi ne, abin bakace ne, idan kuma aka jera shi a bango ya zama ado. Da kabar ce kuma ake saƙa tabarma da adudu na ajiyar tufafi da lefe. Masassaƙa su ke kawo akushi da kujerar mata da turmi, maginan tukwane su kawo randa da tulu da kasko, dukawa kuma su kawo matasan fata masu zane. Ƙorai masu daraja a ragaya ake rataye su, nesa da ƙasa da gara da hannun yara, shi ya sa masu iya magana kan ce ƙwarya tagari tana ragaya. Idan kuwa ta tsage, ba a yar da ita, gyartai ake kai wa ya ɗinke.

Shi kansa ɗakin aikin hannu ne. Mata ke taruwa su yi daɓe, suna bugun ƙasa suna waƙa, sannan a shafe bango da farar ƙasa. Ranar jere, 'yan'uwan amarya mata su ne ke zuwa da kaya su tsara, manya a ƙasa ƙanana a sama, kowace ƙwarya da faifanta. A cikin labarin rayuwarta da Baba ta Karo ta ba Mary Smith a tsakanin 1949 da 1950, wanda aka buga a 1954, an ga yadda dangi ke haɗa hannu wajen tara kayan ɗakin 'yarsu a ƙasar Zazzau tun kafin zuwan Turawa.

3.0 Tasa da Fatauci

Matakin farko na sauyi ta hanyar fatauci ya zo. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda tarihi ya danganta kafa ta da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), ta daɗe tana karɓar kayan Arewacin Afirka. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya lissafa cikin kayan da ake shigowa da su ta Sahara madubai da allurai da duwatsun ado da takarda. Harshen ma ya adana shaidar wannan hanya, domin tasa da katifa duk aro ne daga Larabci.

Tasoshin tagulla da na jan ƙarfe su ne suka fara zama kusa da ƙorai a ɗakunan matan sarakuna da attajirai. Su ma aikin hannu ne, maƙeran farfaru ke buga su da guduma su yi musu zane. Birnin Bida na ƙasar Nupe ya yi fice a wannan sana'a a ƙarni na 19, kuma S. F. Nadel ya bayyana tsarin ƙungiyoyin maƙeransa a littafinsa na 1942. Da zuwan tasa, jere ya sami wani sabon matsayi. Ƙwarya tana tsufa ta fashe, amma tasa tana daɗewa, ana iya sayar da ita ko a jinginar, ana kuma gadonta. Daga nan ɗakin mace ya fara zama ma'ajiyar dukiyarta.

4.0 Jirgin Ƙasa, Gyaɗa da Kwano

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Layin dogo ya iso birnin a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, cinikin gyaɗa ya bunƙasa nan take. Jirgin da ke kwashe gyaɗa zuwa Ikko shi ke dawowa da kayan kamfanonin Turai, cikinsu har da kwanukan ƙarfe masu fenti da furanni. Manomi ya sami kuɗin gyaɗa, kanti ya matso kusa da shi, kwano kuma ya fi tasa araha, ya fi ƙwarya ƙarko. A cikin 'yan shekaru kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kwanon da ake shigowa da shi, musamman daga Hongkong, ya mamaye kasuwanni. A wajajen 1960 'yan kasuwar can suka fara kafa masana'antun kwano a cikin Nijeriya, a Ikeja da Kano, aka rinƙa buga shi a gida.

Abin lura a nan shi ne, matan Hausawa ba su karɓi kwano a matsayin mazubi kawai ba. Sun ɗora shi a kan tsarin da suka gada daga ƙwarya: babba a ƙasa, ƙarami a sama, iri ɗaya launi ɗaya a layi guda, tun daga ƙasa har kusa da rufi. Yawancin kwanukan jere ba a taɓa cin abinci a cikinsu. Magina ma sun shigo da shi cikin aikinsu, suna liƙa faranti mai fenti a tsakiyar rufin soro ko a goshin ƙofa. Sunaye kuma suka yawaita gwargwadon siffa da girma, irin su langa da samira da fanteka da kumbo, ban da laƙabobin da mata kan raɗa wa kowane sabon yayi.

Wannan ya jawo nauyi mai yawa a kan iyaye mata. Darajar amarya a idon dangin miji da kishiyoyi ta rataya a kan yawan jerenta, don haka uwa kan fara tara kwano tun 'yarta tana ƙarama. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna cewa ribar tallar da 'yan mata ke yi wa iyayensu mata da ke cikin kulle, kaso mai yawa nata kayan ɗaki ake saya da shi. Saboda haka lokacin da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare ga kowa a 1976, makaranta ta yi karo da talla, wato ta yi karo da jere. Haka nan Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda kayan ɗaki suke dukiyar mace ta ƙashin kanta da kuma ma'aunin yawan mutanenta. Idan fari ko ciwo ko mutuwar aure ta zo, jeren ne abin da mace ke da ikon ɗauka ta kai kasuwa ba tare da neman izinin kowa ba.

5.0 Jere da Salla

Bahaushe ba shi da wasu kayan ado na musamman da ake ratayawa a gida ranar idi kaɗai a kwance bayan an gama. Adon sallar namiji a jikinsa yake da jikin dokinsa, na mace kuwa a jikinta da ɗakinta. Idan salla ta gabato, ƙarama ko babba, sai a sauke jere gaba ɗaya. A wanke kwanuka, a goge tasoshi da toka ko tsamiya har su yi ƙyalli, a sake shafen bango, a gyara daɓe inda ya farfashe, a saƙa sababbin faya-fayai, sannan a mayar da kome mazauninsa, sau da yawa da sabon tsari. Tuwon salla a cikin kwano mafi kyau ake aika shi gidan surukai da maƙwabta, a rufe da faifai mafi kyau. Masu yawon salla kuma ɗaki suke shiga, su gaisa, idonsu na kan bango. Ta haka salla ta zama lokacin da ake sabunta aikin hannu sau biyu a shekara, ta kuma zama kasuwar masu saƙa da masu zanen ƙwarya.

6.0 Kabad, Tangaran da Roba

Arziƙin man fetur na shekarun 1970 ya kawo mataki na gaba. Gadon ƙarfe mai rumfa da na katako suka kori gadon kara da na ƙasa, siminti da leda suka kori daɓe, jere kuma ya tashi daga bango ya shiga kabad mai gilashi. Tangaran da kofuna da tire da fulas da kula suka ture kwano zuwa ƙauye. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, kayan waje suka yi tsada, sai roba da masana'antun Kano ke bugawa ta zama madogarar talaka. Daga farkon wannan ƙarni kuma kayan ƙasar Sin suka cika kasuwa.

A kowane mataki, rabon hannu a cikin jere raguwa yake yi. A zamanin ƙwarya, hannu ne ya shuka, ya fafe, ya zana, ya saƙa, ya jera. A zamanin kwano da tangaran, abin da ya rage wa hannu shi ne zaɓe da tsarawa. A yau ƙwarya da faifai sun sake bayyana a birane, amma a wani matsayi dabam: ana rataye su a falo da otal, ana ƙawata wurin kamu da su, ana sayar wa baƙi a Kurmi. Sun zama alamar gargajiya bayan da suka bar aikin yau da kullum.

7.0 Abin da Harshe Ya Adana

Kalmomin jere sun jeru kamar yadda tarihinsa ya jeru. A ƙasa akwai na gida, irin su ƙwarya da faifai da akushi da ragaya, tare da waɗanda aka gina da ɗafa-goshin ma-, kamar madubi da matashi da mazubi. A kansu akwai na Larabci, tasa da katifa. Sai akwati da ya shigo ta Yarabanci, sannan na Ingilishi, kabad da tire da gilashi da fulas da kula. Wasu kalmomin kuma ma'anarsu ce ta gusa. Lefe a asali kwandon kaba ne da ake zuba kayan da ango zai kai, yau kuwa kayan ne ake kira lefe ko da a akwatuna goma aka zuba su. Kwano ya faɗaɗa har ya kai ga rufin ɗaki. Roba ta tashi daga abin da ke talewa ta koma sunan duk wani mazubi na leda mai tauri.

Inda asarar take shi ne kalmomin aikin kansa. Karin magana ta riƙe wasu, domin har yanzu ana cewa ba a fafe gora ranar tafiya, ana kuma cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Amma yaron birni da ke faɗin haka bai taɓa ganin ana fafe gora ba, bai kuma san nauyin akushi ba, balle ya gane dalilin fashewar. A rubuce ma, ƙugiya ɗaya ce ta raba masaki da masaƙi, kuma wanda bai san na farkon ba zai ɗauka kuskuren ɗab'i ne. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 ya tattara kalmomi daga garuruwa da dama a lokacin da waɗannan sana'o'i ke da rai, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuma ya bayyana kalmomin harshen da harshen kansa. Sai dai sunayen zane-zanen faifai da na ƙwarya, da laƙabobin kwanuka na kowane yayi, kalmomi ne na cikin ɗaki, a bakin mata suke, kuma sukan bambanta daga gari zuwa gari.

8.0 Kammalawa

An ga yadda jere ya taso daga duma da kaba, ya bi ta tasa da kwano, ya iso tangaran da roba, da yadda kowane mataki ya zo ta wata hanyar ciniki ya kuma bar kalmominsa a harshe. Kayan sun sauya sau da dama, amma sunan jere da matsayinsa na dukiyar mace suna nan. Matan da suka yi aure a zamanin kwano, waɗanda kuma suka ga jeren ƙorai a ɗakunan iyayensu, su ne tsofaffin yau. Aikin da ke gaban masu nazarin harshe shi ne su zauna da su, gari gari, su rubuta sunan kowane zane da kowane mazubi tare da siffarsa, tun masu sunayen suna da rai.