Roketas de Mar: garin da ƴan bida suka bari, ƴan bida suka cika

Kwanakin nan hotuna na yawo a Facebook: saurayi tsaye bakin teku a Ispaniya, bayansa manyan otel farare. Da yawa daga cikin hotunan nan a yankin Almeriya ake ɗaukarsu, a garuruwa irin su Roketas de Mar. To bari mu ɗan koma baya, don garin nan yana da tarihin da mu ƴan ƙasar bida ya kamata mu sani.

Almeriya na cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a duk Turai. Shekara ɗari da suka wuce talauci ne ya yi mata katutu, mutanenta kuwa ƴan ci-rani ne kamar namu. Kuma kun san ina suke zuwa? Aljeriya! Suna ƙetare teku zuwa Oran su yi ƙodagon yankan ciyawar alfa a zamanin mulkin Faransa. A 1881 an kashe da yawa daga cikinsu a yankin Sa'ida, lokacin boren Shehu Bu Amama. A shekarun 1960 kuma sai suka juya zuwa Barselona, Faransa da Jamus.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya canja labarin. A shekarun 1950 gwamnatin Franko ta haƙa rijiyoyi a filin Daliyas, ta zaunar da manoma. Su kuma suka riƙa zuba taki a gona su rufe shi da yashi, don danshi ya daɗe, gishiri kuma kada ya ƙone shuka. A 1963 aka kafa rumfar leda ta farko a nan Roketas. Yau rumfunan nan sun wuce hekta 30,000, har daga sararin samaniya ana hango farinsu. Tumatir, tattasai, kokwamba, manyan motoci na kwasa zuwa Jamus da Faransa a tsakiyar sanyi. Mu da muka san garka da noman rani, mun san abin da rijiya ke yi wa busasshiyar ƙasa.

Da Ispaniya ta shiga ƙungiyar Turai a 1986, kasuwa ta buɗe, hannun iyali ya kasa aikin. Nan Marokawa suka fara zuwa, sai ƴan Senegal, Mali, Gine da Gana. Wasunsu ma ta Agadas suka bi, suka haura Tamanrasat har iyakar Maroko.

Sai garin ya zama gari biyu. Bakin ruwa akwai Turawan Jamus da Ingila, tsofaffi masu fansho da suka zo shan rana. Bayan gari kuwa akwai masu shiga cikin leda tun da asuba, inda zafi kan wuce digiri 40, wasu suna kwana a bukkokin katako da tsohuwar leda. A ganinmu, wannan rabin ne hoto ba ya nunawa.

Zaman bai rasa tashin hankali ba. A Fabrairun 2000, a El Ehido da ke maƙwabtaka, bayan kisan mutum uku ƴan garin, jama'a suka far wa Marokawa kwana uku, aka ƙone shaguna da gidaje. Ma'aikatan suka tafi yajin aiki, kayan lambu suka tsaya a gona, sannan aka zauna da su. A Satumbar 2008 kuma an kashe wani ɗan Senegal a Roketas, unguwar baƙi ta yi kwanaki ana rikici.

Batun takardu fa? A 2005 gwamnatin Zapatero ta ba mutum fiye da rabin miliyan izinin zama. In ba irin wannan dama ba, sai mutum ya nuna shaidar ya daɗe a ƙasar kafin ya nemi takarda. Da shekara uku ne, daga watan Mayun 2025 aka maida shi biyu. Shekarun nan kuwa, a cikin leda mafi yawa ke yinsu.