Furfura ko Sa'o'i: Nazarin Ma'aunin Gogewa a Aikin Kyaftin ɗin Jirgin Sama

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi ma'auni biyu da ake auna cancantar kyaftin ɗin jirgin fasinja da su: shekarun haihuwa, waɗanda jama'a ke dubawa, da sa'o'in tuƙi, waɗanda doka ke ƙirgawa. An dogara da ƙa'idojin ba da lasisi da sakamakon binciken haɗurra uku, aka kuma ɗauki garin Shanono na jihar Kano a matsayin madubin yadda Bahaushen karkara ke fahimtar gogewa. An gano cewa ma'aunan biyu duk suna da giɓi.

1.0 Gabatarwa

A tashar mota ta Shanono, fasinjan da zai tafi Kano yakan leƙa fuskar direba kafin ya miƙa kayansa. In ya ga dattijo mai furfura sai ya shiga hankali kwance. In kuwa saurayi ne, za ka ji wata gyatuma ta ja kwandasta gefe tana cewa, "Kai ɗan nan, wannan yaron ne zai ja mu?" Irin wannan tambayar ce ke tasowa a zuciyar maniyyaci idan ya hango matashi da igiya huɗu a kafaɗa a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano.

Jirgi ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Tun watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka a birnin daga Masar, kuma tun 1964 aka kafa Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya mai yaye matuƙa. Baƙon abu shi ne ɗan talakan karkara a kujerar hagu, wato kujerar kyaftin.

2.0 Abin da doka ke ƙirgawa

A ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ana samun lasisin tuƙin haya da sa'o'i kusan 200 a sama. Lasisin da ke ba mutum damar jagorantar babban jirgin fasinja kuwa sai mai sa'o'i 1,500, wanda ya cika shekara 21. Ke nan doka ba ta nemi furfura ba. Shi ya sa a 2016 Kate McWilliams ta zama kyaftin a kamfanin easyJet na Ingila tana da shekara 26, ba tare da an tsallake ko sharaɗi ɗaya ba.

Amurka ta ƙara tsananta lissafin bayan faɗuwar jirgin Colgan Air kusa da Buffalo a Fabrairun 2009, inda mutum 50 suka mutu: daga 2013 hatta mataimakin matuƙi, in ban da 'yan sassauci kaɗan, sai ya tara sa'o'i 1,500. Abin ɗaure kai shi ne matuƙan jirgin su biyu duk sun haura wannan adadi tun kafin haɗarin. An yi wa ciwon kai maganin ciwon ƙafa.

3.0 Abin da ke cikin sa'a

Manomin Shanono da ya yi damina talatin a gona ɗaya bai san ƙasa kawai ba. Idan hadari ya haɗo daga gabas, ya ga ganyen dawa ya yi tsit, sannan wata iska mai sanyi ta taso da ƙura tana kaɗa karan gero, yakan saɓa fartanya ya nufi gida tun kafin ɗigon farko. Ba shekaru talatin ɗin ne suka koya masa ba; ranakun da iskar ta ritsa da shi ne. Wanda ya shafe shekarun a shago cikin gari, ko da sa'ansa ne, bai san wannan ba.

Dangin wannan iskar ce, mai sauya alkibla da ƙarfi farat ɗaya a gindin hadari, ta kayar da jirgin ADC samfurin Boeing 737 jim kaɗan da tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato ranar 29 ga Oktoba, 2006. Mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Matuƙan ba yara ba ne, kowannensu ya tara dubban sa'o'i. Masu bincike sun ɗora laifin a kan shawarar tashi cikin mummunan yanayi da kuma rashin bin matakan kuɓuta daga irin wannan iska. Littafin da matuƙi ke rubuta sa'o'insa yana nuna tsawon zama a sama, ba ya nuna sau nawa aka gwada shi. Sa'a dubu cikin sararin da ba gajimare, na'ura tana tuƙa kanta, ba ta kai sauka goma cikin hazon hunturu a Kano ba, lokacin da titin jirgi ba ya bayyana sai an zo daf da shi.

4.0 Kunya a ɗakin tuƙi

Nan ne marubucin ke ganin batun ya fi shafarmu. Ranar 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerife, jiragen Boeing 747 biyu suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka halaka. Kyaftin ɗin ɗaya daga cikinsu, na kamfanin KLM, shi ne babban malamin horar da matuƙa wannan samfuri a kamfaninsu. Injiniyan jirgin ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titi, kyaftin ɗin ya amsa masa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari, ba wanda ya sake tanka masa. Daga irin wannan darasi aka ƙirƙiro horon haɗa kai a ɗakin tuƙi, wanda ke wajabta wa na ƙasa ya faɗi abin da ya gani a fili.

To, yaron da ya tashi a Shanono an rene shi kada ya haɗa ido da babba, kada ya ce masa ya yi kuskure. Tarbiyya ce mai kyau a zaure. A kujerar dama kuwa, wato ta mataimaki, tana iya zama sanadin ajali, domin daƙiƙa biyar da zai ɓata yana neman lafazin ladabi su ne ke tsakanin gyara da faɗuwa. Idan aka juya lamarin ma akwai matsala: matashin kyaftin da aka haɗa da mataimaki sa'an mahaifinsa zai iya jin nauyin ƙin shawararsa. Horon da ake bayarwa an tsara shi ne bisa ɗabi'ar wasu al'ummomi, ya kamata malamai a Zariya su riƙa kiran wannan kunyar da sunanta a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi.

5.0 Giɓin da ke tsakanin 200 da 1,500

A 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasan Kano 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Sun dawo da lasisi, amma da dama sun daɗe ba su sami kujera ba. Kamfani ba ya ɗaukar matuƙi sai da shaidar ƙwarewa a kan samfurin jirgin da yake da shi, horon kuwa da dala ake biyansa, kuɗin da buhunan gyaɗa da wake na gida guda ba za su taɓa haɗawa ba. Kamfanin Nigeria Airways, wanda a da yake ɗaukar matasa ya rene su har su zama kyaftin, ya durƙushe a 2003. Nauyin ya koma kan kamfanoni masu zaman kansu irin su Max Air da Azman da Rano Air, su kuma kowa ya fi son wanda wani ya riga ya horar. Lasisin da aka ajiye a akwati kuwa ba ya jira: shaidar lafiya da ta tuƙi da na'ura suna ƙarewa, sai an sake biya kafin a sabunta su.