Yadda Ayalan Ta Daidaita Ran Ɗan Tayi Da Na Uwarsa

Zubar da ciki ya riga ya zama laifi a dokar ƙasar Ayalan tun 1861, zamanin da Ingila ke mulkinta. Duk da haka, ranar 7 ga Satumba, 1983, mutanen ƙasar suka fita ƙuri'ar raba gardama a kansa. Tsoro ne ya fitar da su. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta zubar da ciki a shari'ar Roe da Wade, sai masu kishin Katolika suka ga alƙalansu ma za su iya bin sahu. Suka nemi a garƙame ƙofar tun da wuri. Kusan kashi 67 cikin ɗari suka amince, aka rubuta a kundin tsarin mulki cewa haƙƙin rayuwar ɗan tayi daidai yake da na uwarsa.

Wannan "daidai" ɗin ita ta zama ƙarfen ƙafa, domin ba a faɗa wa likita wanda zai fifita ba idan rayukan biyu suka yi karo. A 1992 babbar kotu ta hana wata yarinya 'yar shekara 14, wadda aka yi wa fyaɗe, zuwa Ingila a cire mata cikin. Sai da Kotun Ƙoli ta soke umarnin, saboda yarinyar na neman kashe kanta.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne na Savita Halappanavar, likitar haƙori 'yar Indiya mai shekara 31. A Oktoban 2012 ta je asibiti a Galway da cikin mako 17, ɓari ya riga ya kama hanya, babu yadda ɗan zai rayu. Ta roƙa a cire, aka ce a'a tunda zuciyarsa na bugawa. Aka yi ta jira har guba ta shiga jininta, ta rasu ranar 28 ga wata. Dokar da aka kafa don tsare rai ta bar likitoci suna kallon majinyaciya da ido ɗaya, kotu da ɗaya idon.

Ranar 25 ga Mayu, 2018, aka koma rumfunan zaɓe. Kashi 66 cikin ɗari suka ce a goge wancan sashe na kundin tsarin mulki, kusan daidai da kason da ya kafa shi. Tun Janairun 2019 doka ta yarda a zubar da ciki har zuwa mako 12.