Auna motsa jiki da ƙarfin da matasa ke ƙonawa: Ma'ana, hanyoyi da darasi ga Jigawa

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta tanadi a ƙa'idojinta na 2020 cewa yara da matasa masu shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum, matsakaici ko mai tsanani. Binciken da hukumar ta jagoranta a ƙasashe 146, wanda aka wallafa a 2019, ya gano kashi 81 cikin 100 na ɗalibai masu shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan mizani. Adadin ya kai kashi 85 a tsakanin 'yan mata, kashi 78 kuma a tsakanin maza.

Ana lissafa ƙarfin da jiki ke ƙonawa da kilokalori. Kimanin kashi 60 zuwa 70 nasa yana tafiya ne wajen numfashi da bugun zuciya da ɗumama jiki, kusan kashi 10 wajen narkar da abinci, ragowar kuma wajen motsi. Ma'aunin tsananin aiki shi ne MET: guda ɗaya yana daidai da kilokalori ɗaya ga kowane kilo na nauyin jiki cikin awa guda. Saboda haka matashi mai kilo 50 da ya yi tafiyar sauri mai MET 4 tsawon awa ɗaya zai ƙona kimanin kilokalori 200.

Hanyoyin awo uku ne suka fi shahara. Ta farko takardar tambayoyi ce, wadda ta fi araha amma ta dogara da tunawar mai amsawa. A 2011 Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa na Jami'ar Maiduguri suka wallafa fassarar Hausa ta takardar IPAQ. Ta biyu ƙaramar na'ura ce da ake ɗaurawa a ƙugu tsawon mako guda tana ƙirga motsi. Ta uku ita ce shan ruwa mai alamar sinadarai, a bi diddigin fitarsa ta fitsari na mako ɗaya zuwa biyu. An fara gwada ta a kan mutane a 1982, kuma ta fi sauran inganci da tsada.

A Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, motsin matasa da yawa aiki ne: noma da damina, kiwo, ɗebo ruwa, daka, talla da tafiya makaranta a ƙasa ko bisa keke. Na'urar ƙugu ba ta gane nauyin jarkar da ke bisa kai, kuma tana rage ƙimar tuƙa keke da daka. Tambayar da ta tsaya a kan wasanni kawai tana iya nuna yarinyar da ta wuni tana talla tamkar mai zaman banza. Awon da aka yi da rani kuma ba zai wakilci damina ba.

Kuskuren awo yana shafar manufofin gwamnati. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da kashi 60 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma da yawansu yanzu sun shiga shekarun balaga. Matashin da ke ƙona fiye da abin da yake ci abinci yake buƙata, yayin da na cikin gari mai wuni a kan waya filin wasa yake buƙata. Tsara ciyar da ɗaliban makarantun kwana da darasin motsa jiki ya dogara ne da bambance waɗannan rukunoni biyu. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, na cikin cibiyoyin da suka fi kusa da matasan da ya kamata a auna.