Cika da mara: abin da ke faruwa idan an zo rabo

A lissafi lambobi iri biyu ne. Cika ita ce wadda ke rabuwa gida biyu ba saura, kamar 2, 8, 30, har da sifiri. Mara kuwa sai ta bar ɗaya, kamar 3, 15, 27. Lambar ƙarshe ake dubawa: in 0, 2, 4, 6 ko 8 ce, cika ce, in ba haka ba, mara ce.

Ga yadda suke a wajen rabawa.

Mara a raba wa cika: ba ta taɓa fita daidai. Buhu 35 ba za su rabu wa gida 6 ba sai da saura, don duk abin da aka ninka da cika, cika yake bayarwa.

Mara a raba wa mara: in ta fita daidai, kason kowa mara ne. Tiya 21 ga mutum 7, kowa 3.

Cika a raba wa mara: in ta fita daidai, kason cika ne. Tiya 30 ga mutum 5, kowa 6.

Cika a raba wa cika: nan ne babu tabbas. 12 ga mutum 6, kowa 2. Ga mutum 4, kowa 3. Ga mutum 8 kuwa ba ta fita. Dabarar ita ce a yi ta raba lambobin biyu gida biyu har ɗaya ta zama mara: 24 da 8 su koma 12 da 4, sai 6 da 2, sai 3 da 1. Amsa 3.

Saura ma da dokarsa. Muddin masu karɓa cika ne, abin da ya rage irin jimillar yake ɗauka. Buhunan nan 35 ga gida 6, kowa 5, saura 5, wato mara. Wanda ya ce maka saura 2 ko 4, to ku sake ƙidaya, akwai kuskure.

Kuɗinmu ma haka ne. Dala ɗaya sefa 5 ce, 5 kuwa mara ce, shi ya sa juya sefa zuwa dala ba ya canza irin lamba. Sefa 150 dala 30 ne, cika. Sefa 75 dala 15 ne, mara, mutum biyu ba za su raba su daidai ba, sai dala guda ta rage.

Ga ƴan'uwa da ke aiko da kuɗi gida, da mata masu adashe: wannan ba ya cewa lissafi ya yi daidai, amma yana tona kuskure tun kafin a kai ga ɓacin rai.